Okid ɗin Tsibirin Kirsimeti: ina ya shiga tsawon shekara 105, kuma me ya hana a haƙo shi a kai lambu?

Wani ɗalibi mai karatun ilimin tsirrai ne ya aiko da tambayar. Ya ji labarin wani fure a wani tsibiri na Tekun Indiya da aka shafe sama da shekara ɗari ba a sa shi a ido ba, har aka fidda rai da shi, sai kwatsam aka sake ganinsa. Yana so ya san yadda tsiro zai ɓuya haka a ɗan tsibirin da bai taka kara ya karya ba. Sannan a ganinsa maganin abin mai sauƙi ne: a haƙo shi, a dasa a tukwane, a rarraba wa lambuna, kowa ya huta.

Ɗan'uwa, tsiron da kake magana a kai shi ne wanda masana ke kira Zeuxine exilis. Ɗan dangin okid ne, dangin da ke da nau'i wajen 28,000 a duniya, har da banila da ake sa wa kek da askirim don ƙamshi. Galibin okid na ƙasashe masu zafi a jikin bishiya suke zama, su rungume reshe da saiwarsu ba tare da sun tsotsi bishiyar ba. Wannan kuwa ɗan ƙasa ne, a cikin ruɓaɓɓen ganye yake rarrafe da wani kara mai taushi, ya fitar da 'yan ganyaye marasa kauri, sannan ya miƙa siririn tsinke mai ɗauke da ƙananan furanni masu farin leɓe. Kalmar exilis ma a Latin ma'anarta siriri. Kada ka sa wa ranka irin manyan furannin da ake ƙawata zauren otel da su. Idan ka wuce shi a daji, da wuya ka waiwaya.

Babu inda yake fitowa a duniya sai Tsibirin Kirsimeti, wanda ke ƙarƙashin Ostareliya amma ya fi kusa da Indonesiya, kimanin kilomita 350 kudu da tsibirin Jawa. Faɗinsa murabba'in kilomita 135 ne kawai. Wani matuƙin jirgin ruwa na Ingila, William Mynors, ya wuce ta gefensa ranar Kirsimeti ta 1643, shi ne ya laƙaba masa sunan. Birtaniya ta mallake shi a 1888 bayan an gane akwai fosfet, ma'adinin da ake yin takin zamani da shi, aka kwaso ma'aikata 'yan Sin da Malayawa domin haƙa, a 1958 kuma aka miƙa shi ga Ostareliya. Jikokin waɗannan Malayawa na nan har yau, Musulmi ne, da masallacinsu a unguwar Kampong a bakin teku.

Wanda ya fara tsinko furen shi ne Henry Nicholas Ridley, shugaban lambun tsirrai na Singafo, mutumin da aka fi sani da yaɗa noman roba a Malaya. A 1904 ya je tsibirin ya tattara tsirrai, ya busar da su a tsakanin takardu kamar yadda muke yi har gobe, daga baya ya siffanta wannan ya sa masa suna. Daga nan sai shiru. Masana sun yi ta zuwa suna komawa, ba wanda ya sake kawo shi, har aka riƙa rubuta cewa mai yiwuwa ya ƙare. Sai a 2009 Peter Green da abokan aikinsa, waɗanda suka daɗe suna nazarin dajin tsibirin, suka ci karo da shi. Rahoton ya fito ne a mujallar lambun Singafo, lambun da Ridley ya shugabanta.

To ina ya shiga? Bai je ko'ina ba. Mu ne ba mu gan shi ba, kuma dalilan ba su da wuyar ganewa ga duk wanda ya taɓa neman okid na ƙasa. Na farko, tsiro ne mai zubar da ganye ya kwanta. Akwai watannin da idan ka tsaya a kansa ma ba abin da za ka gani sai busasshen ganyen bishiya. Masanin da ya zo a jirgin ruwa ya yi mako biyu ko uku, idan zuwansa bai dace da lokacin furen ba, zai koma ya rubuta "ban gani ba", na bayansa ya karanta ya maimaita, a hankali "ban gani ba" ta rikiɗe ta zama "babu". Na biyu, ko da ganyen, in ba fure ba za ka iya rantsuwa cewa shi ne ba, don 'yan'uwansa da yawa kamanninsu ɗaya kafin su yi fure. Na uku, kada girman tsibirin ya ruɗe ka. Dutsen farar ƙasa ne mai hawa-hawa kamar matakala, ga tsaunuka masu kaifi da ke yaga takalmi, ga kurmi mai duhu, tsauninsa mafi tsayi, Murray Hill, ya kai mita 361. Murabba'in kilomita 135 a taswira ba komai ba ne, amma ga mai durƙusawa yana bincikar ƙasa taku-taku, duniya ce guda.

Mu ma muna da irin wannan a gida. Okid na ƙasa da ake kira Eulophia suna nan a dazuzzukan tsakiyar Najeriya da kan tudun Jos. Duk tsawon rani suna kwance a ƙasa kamar ƙananan dankali, sai gab da faɗuwar damina, sau da yawa bayan an ƙone ciyawa, ka ga tsinke ya tsiro ba ganye ko ɗaya, ɗauke da furanni masu launin shunayya. Bayan 'yan makonni ciyawa ta rufe wurin. Wanda ya zo a watan Janairu zai rantse babu okid a wannan fili.

Sai dai kada wannan ya sa ka ɗauka duk abin da aka ce ya ɓace zai dawo. A wannan shekarar ta 2009 da aka sake ganin furen, a wannan tsibirin, aka ji kukan ƙarshe na wani ɗan ƙaramin jemage da babu irinsa a ko'ina, a watan Agusta. Shi ba ɓuya ya yi ba. Ana bibiyarsa da na'urar ɗaukar sauti dare bayan dare, ana ganin adadinsa na raguwa shekara da shekaru, har ya rage guda, gudan ma ya yi shiru. Bambancin ke nan tsakanin abin da aka nema da gaske aka rasa da abin da ba a nema ba a lokacin da ya dace.

Yanzu ga batun haƙowa, wanda shi ne ya sa na zauna rubuta wannan amsa da tsawo.

Ka taɓa fasa kwanson irin okid? Ranar da na fara yi, a kan farar takarda na fasa, abin da ya zubo kamar garin toka, na yi numfashi kusa da shi rabinsa ya tashi. Charles Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, ya taɓa ƙirga iri kusan 6,200 a kwanso ɗaya na wani okid na ƙasa na Ingila, wasu na ƙasashe masu zafi kuwa sukan kai miliyan. Idan ka sa ƙwaya ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, za ka ga 'yar jaka kamar raga, da ɗan ɗigo a tsakiya. Ɗigon nan shi ne ɗan tsiron, kuma ba a haɗa masa guzuri ba. Ƙwayar masara ko ta wake uwarta ta cika ta da abincin da za ta ci har ta fitar da ganye. Ta okid hannu rabbana take fita. Ba za ta tsiro ba sai wani nau'in funfuna na cikin ƙasa, mai zare siriri da ido ba ya gani, ya kutsa cikinta. Zaren ya nannaɗe a cikin ƙwayoyin jikinta, ita kuma ta narkar da shi ta ci. Da wannan take kumbura ta zama ɗan dunƙule fari, ta yi watanni, wani lokaci shekaru, a cikin duhu kafin ganyen farko ya leƙo. Wani Bafaranshe, Noël Bernard, shi ya gano wannan alaƙa a 1899. Kuma ba kowace funfuna ke yi ba, wasu okid ɗin suna da tsananin zaɓe.

Saboda haka idan ka sa magirbi ka ɗaga tsiron, rabin halittar ka ɗauko. Ɗaya rabin, zaren funfunar da ke shimfiɗe cikin ruɓaɓɓen ganye, da danshin wurin, da irin inuwar da bishiyoyin ke bayarwa, duk ka baro su. Na koyi wannan da hannuna ina ɗalibi. Na haƙo Eulophia guda biyar daga wani fili da za a yi gini, na zuba musu ƙasa mai kyau da taki, ina ban ruwa safe da yamma, ina jin na yi aikin lada. Shekarar farko uku suka yi fure, na yi ta nuna wa abokai. Ashe abincin da suka tara tun suna daji suke ci. Shekara ta biyu ganye kawai, ƙanana. Ta uku da na zazzage tukwanen, ɓawo na samu, cikin ya ruɓe, yawan ruwan da na yi ta zubawa a lokacin da ya kamata su kwanta a bushe ya gama da su. Eulophia kuwa mai taurin rai ce, tana da rumbu a ƙasa. Irin su Zeuxine ɗan kara mai ruwa-ruwa ne kawai jarinsu.

Akwai hanyar kauce wa funfunar, ba na musu. Tun 1922 Lewis Knudson na jami'ar Cornell a Amurka ya nuna cewa idan aka wanke irin aka shuka shi a kwalba a kan wani kunu mai daskarewa da aka sa wa sukari da sinadaran abinci, zai tsiro shi kaɗai. Da wannan dabara ake samar da miliyoyin okid da ake sayarwa a kasuwannin duniya. Amma fitar da tsiro daga kwalba a mai da shi daji, ya rayu, ya yi fure, ƙwaro ya kai masa garin haihuwa ko ya haifar da kansa, irinsa ya faɗi ya tarar da funfunar da ta dace, wannan wani dogon aiki ne daban, kuma a nan ne yawancin ƙoƙari ke tuntuɓe. Ajiyar iri a sanyi ma haka: irin okid da dama ba sa daɗewa a rumbun sanyi kamar na hatsi, sai an riƙa gwada su lokaci-lokaci.

To idan ba tukunya ba, me za a kare? Ƙasan dajin. Kuma ƙasan dajin Tsibirin Kirsimeti ba irin na ko'ina ba ne, domin kaguwa ce ke mulkinsa.

Jar kaguwa ta tudu, Gecarcoidea natalis, miliyoyi gommai ne a tsibirin. Ita ce wadda ake nunawa a talabijin tana malala kan tituna kamar jan bargo idan damina ta faɗi wajen Oktoba zuwa Disamba, za ta teku ta zuba ƙwai, har a rufe hanyoyi a gina mata gada. Sauran watannin tana cikin ramukanta a kurmi, tana cin ganyen da ya faɗo, da 'ya'yan itace, da iri, da duk ɗan tsiron da ya ɗago kai. Shi ya sa ƙasan dajin yake fes kamar tsakar gidan da aka share da asuba. Masu bincike sun taɓa kewaye 'yan filaye da shinge don hana kaguwa shiga, cikin ɗan lokaci ganye ya taru, ƙananan tsirrai suka fito ninkin-ba-ninkin abin da ke waje. Duk wani tsiro mai taushi da ke zaune a ƙasa a wannan tsibiri, da kaguwa yake lissafin rayuwarsa.

Ko a zamanin Ridley lissafin ya fara canzawa. A da tsibirin na da manyan ɓeraye iri biyu nasa na kansa, masu yawan gaske, waɗanda baƙin farko suka ce da dare har kan mutum suke bi. Jiragen haƙar fosfet suka shigo da baƙin ɓera ɗauke da wata cuta ta jini, cikin 'yan shekaru 'yan gida suka ƙare ƙaf. Masanin da ya koma nemansu a 1908, Charles Andrews, bai samu ko ɗaya ba. Wasu masana na ganin waɗannan ɓeraye ne ke rage yawan kaguwa a da. Ka ga ke nan dajin da Ridley ya taka a 1904 yana tsakiyar sauyi ne, ba mu da hoton "asalin" yadda yake da za mu ce a koma gare shi.

Sai babbar annoba. Wata tururuwa rawaya mai dogayen ƙafafu, Anoplolepis gracilipes, wadda ake wa laƙabi da mahaukaciya saboda yadda take gudu ba kan gado idan an taɓa ta, ta shigo tsibirin a cikin kaya tsakanin 1915 da 1934. Ta yi shekaru gommai ba ta dami kowa ba. A 1989 aka fara ganin ta kafa wani irin gari mai sarauniyoyi da yawa waɗanda ba sa faɗa da juna, zuwa ƙarshen shekarun 1990 irin waɗannan garuruwa sun mamaye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kurmin. Ba cizo take yi ba, wani ruwa mai ƙuna take fesawa a idon kaguwa da bakinta, kaguwar ta makance, ta yi kumfa, ta mutu cikin kwana ɗaya ko biyu, tururuwar ta cinye ta ta kuma gaje raminta. Miliyoyin kaguwa suka tafi a haka.

Abin da ya ba ta wannan ƙarfi yana can saman bishiya. Akwai wani baƙon ƙwaro, Tachardina aurantiaca, da ke manne wa reshe yana tsotsar ruwan bishiya yana fitar da wani ruwa mai zaƙi da danƙo, irin wanda manomi ke gani a ganyen dawa ko wake idan ƙwari sun kama shi. Tururuwa na shan wannan zaƙi, tana gadin ƙwaron daga maƙiyansa, ƙwaron na ƙaruwa, tururuwa na ƙaruwa. Baƙo biyu suka haɗa kai suka fi ƙarfin masu gida. Inda kaguwa ta ƙare, ganye ya taru, ƙananan tsirrai suka cunkushe, sannan baƙo na uku ya samu ƙofa: ƙaton dodon koɗi ɗan asalin gabashin Afirka, wanda a da kaguwa ke cinye shi in ya kuskura ya shiga kurmi. Shi kuma ba ruwansa da tsiro mai daraja ko maras daraja, duk mai taushi abinci ne.

Wani zai ce ai raguwar kaguwa alheri ce ga ƙaramin tsiro, tunda mai cinsa ya ragu. Na ɗan lokaci, a wasu wurare, hakan na iya faruwa. Amma ni ban yarda a gina kariya a kan wannan ba. Furen ya yi dubban shekaru yana zaune da kaguwa, ya san yadda yake yi da ita. Cunkoson ciyayi masu rige-rigen haske, da dodon koɗi, da bishiyoyin da ke bushewa daga sama saboda ƙwaro har rana ta riƙa dukan ƙasa, waɗannan sababbin abubuwa ne da bai taɓa gwada ƙarfi da su ba.

Hukumar da ke kula da gandun dajin tsibirin ta fara yaƙar tururuwar da guba. A 2002 aka yi amfani da jirgi mai saukar ungulu aka watsa abinci mai ɗauke da fipronil a kan hekta wajen 2,500, aka maimaita a 2009 da 2012. Yana kashe tururuwa sosai, amma bayan 'yan shekaru sai ta dawo, ga tsada, ga fargabar abin da gubar ke yi wa sauran ƙwari. Daga baya aka sauya tunani: maimakon a bi tururuwa, a toshe mata rumbu. A ƙarshen 2016 aka shigo da wata 'yar mitsitsiyar rina daga Maleshiya, Tachardiaephagus somervillei, tsawonta bai wuce milimita biyu ba, ba ta harbin mutum, aikinta kawai ta saka ƙwai a jikin ƙwaron nan mai zaƙi, 'ya'yanta su cinye shi daga ciki. An yi shekaru ana gwada ta kafin a sake ta, don Ostareliya ta sha wuya a hannun kwaɗon da ta shigo da shi gonakin rake a 1935 da niyyar maganin ƙwari, ya zame mata bala'i har yau. Ba wanda ya kawo rinar saboda okid. Amma a ganina ita ce ta fi kowace tukunya yi masa aiki.

Sauran matakan ba su da ban mamaki. Gandun da aka kafa a 1980, aka faɗaɗa daga baya, ya rufe kusan kashi 63 cikin ɗari na tsibirin, kuma cire tsiro a ciki laifi ne. Haƙar fosfet ta riga ta share wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kurmin, kuma inda aka kwashe ƙasa har aka tarar da dutse, ko an dasa bishiyoyi, funfunar ƙasa ba ta dawowa da umarni. Don haka hana sare abin da ya rage ya fi duk wani gyara arha. Cinikin okid tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran daji, dangin gaba ɗaya, ba a ƙetare iyaka da na daji sai da takarda. Kuma masu aikin kan ɓoye ainihin wurin da tsiro irin wannan yake, domin da zarar an ce abu ba shi da yawa sai masu tara furanni su sa masa kuɗi. Ba a nesa kawai ake wannan ba: a Zambiya da kudancin Tanzaniya haƙar saiwar okid na ƙasa don yin abincin da ake kira chikanda ta kwashe filaye da dama, haka a Turkiyya saboda abin shan salep.

Duk da haka ba zan ce shawararka ba ta da gurbi ba. A wannan tsibirin dai, wata kulɓa mai shuɗin wutsiya da wata tsaka, da ba a kama 'yan kaɗan da suka rage an kiwata su a keji ba, a tsibirin da kuma gidan namun daji na Taronga a Sidni, da yanzu sai a hoto. Wata kulɓar ta kurmi an makara, ta ƙarshe ta mutu a keji a watan Mayun 2014. Saboda haka ajiya a wajen daji tana da amfani, musamman ga abin da duk duniyarsa tsibiri ɗaya ce, inda guguwa ɗaya ko cuta ɗaya za ta iya shafe komai. Amma ga okid, yadda ake yi shi ne a bar uwar a inda take. A jira kwanso ya nuna, a ɗebi kaɗan daga tsirrai daban-daban don kada a tara 'ya'yan uwa ɗaya, a yanki ɗan guntun saiwa a raino funfunar da ke ciki a ajiye ta ita ma, sannan a gwada shuka su tare a kwalba. Akwai kuma wata dabara mai arha da nake so: a zuba iri a 'yar jakar raga mai ƙananan ƙofofi, a binne a wurare daban-daban a dajin, bayan watanni a tono a duba. Inda ka ga fararen dunƙulen nan sun kumbura, ka san funfunar tana wurin, kuma nan ne wurin da ya cancanci a mai da tsiro in buƙata ta taso.

Tunda karatun kake yi, ga abin da za ka iya farawa da shi a bana ba tare da ka je Tekun Indiya ba. Idan ka ga tsinken Eulophia a ƙonannen fili kafin ruwan farko, ka ɗauki hoton furen ta gaba da ta gefe, ka sa biro kusa da shi don a gane girmansa, ka rubuta rana da wuri da irin ƙasar, ka kafa ɗan dutse a gefe. Ka koma bayan wata guda ka ga ko ya yi kwanso, ka koma tsakiyar damina ka ga ganyen, ka koma a Janairu ka tsaya a kan dutsen ka rubuta abin da idonka ya gani.